Yadda Ake Neman Hutu a Wurin Mai Tanderu

Jikalle,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da abokan aikinki na gidan burodi, da fatan zafin wuta bai ƙarasa gasa mini ke ba. Ni dai da sauƙi. Gwiwa tana nan da halinta, ƙirji ya rage kukan da yake yi da safe, abinci kuma ina taɓawa. Direban motar fulawa ya kawo mini takardarki da burodi biyu. Na ci ɗaya, na ba Tela maƙwabcina ɗaya, don ya daina cewa ƙirƙirar jika na yi in riƙa yi masa fariya.

Na ga kin sake yi mini gorin waya. Na sha gaya miki, in na kara ta a kunne ba na jin komai sai kamar ana suya a nesa. Takarda kuwa tana jira na, in karanta, in ajiye, in sake ɗauka bayan la'asar.

To, ga tambayarki. Kin ce Mai Kanta, wadda ke karatun littattafan Turanci in ba mai saye, ta laƙaba wa shugabanku Mai Tanderu suna potentate, kuma duk kun ɗauka kuna ta faɗa ba ku san abin da kuke faɗa ba. Kin yi daidai da kika tambayi mai shi. Na sa sanda na jawo ƙamus daga saman kabad, ya faɗo mini a kafaɗa, na yi atishawa har Tela ya leƙo ya ga ko tafiyar ce ta zo. Ban ma buƙaci buɗe shi ba, na dai so ya sha iska.

Malaminmu na ajin ƙarshe, wani dogo da kullum alli ke maƙale a girarsa, shi ya koya mana kalmar. Ya ce tushenta wata tsohuwar kalma ce mai nufin iyawa. Wato mai mulkin da in ya so abu, abin ya yiwu, ba majalisa, ba shawara, ba wanda zai ce masa a dakata. Da na yi aikin akawu a tashar jirgin ƙasa kuma na ƙara mata tawa ma'anar: mutumin da bai taɓa buƙatar ya ce don Allah ba.

Amma sanin ma'ana daban, sanin wurin ajiye kalma daban. Ba a faɗa wa mutum ita a gabansa, kuma ban taɓa jin wanda ya kira kansa da ita ba. A littafi ana ba sarakunan da suka daɗe da mutuwa, ko na ƙasashe masu nisa waɗanda ba za su ji ba. A baki kuwa yawanci tsokana ce, ana manna wa ƙaramin mutum mai babbar kujera. Ki gaya wa Mai Kanta ta iya zaɓe, amma ta rage murya.

Ki ba ni labarin mutumin nan. Yana da kujerar da ba mai zama a kai? In yana da ita, sunan ya zauna.

Af, na kusa mantawa. Likita ya ce yanar da ke idona na dama ta nuna, za su cire ta a makon ƙarshe na watan gobe. Ƙaramin abu ne, ban ma san abin da ya sa na rubuta ba.

Tsohon mijinki,
Kaka

* * *

Kaka,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan gwiwa ta yi haƙuri. Ni lafiyata lau, sai ƙuna ɗaya a hannu da ta riga ta bushe.

Wato ka cika shafi biyu da tarihin kalma, sannan ka liƙa aikin ido a can ƙasa kamar kana ba ni labarin kaza ta yi ƙwai? Angona, ba ka da kirki. Wa zai riƙe maka hannu a asibiti? Wa zai ɗiga maka magani? Baba yana can inda aiki ya jefa shi, Gwaggo ba ta iya doguwar tafiya. Ni ce dai, kuma zan zo.

Sai dai ga matsala. Hutu a hannun Mai Tanderu yake, kuma tun da na fara aiki ban ga wanda ya tunkare shi da maganar ba. Ka tambayi kujera: akwai. Wani ɗan benci ne gefen tanderu, ƙafarsa ɗaya an ɗaure da waya. Ko mai shara zagaye shi take yi. Mutumin ba ya magana, nuni yake yi da dogon katakon da ake fito da burodi. In ya nuna ka ya nuna tebur, murza kwaɓi. In ya nuna ƙofa, buhun fulawa ya iso. In burodi ya fito sai ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa gindinsa, ya kara a kunne, mu kuwa duk mu ɗauke numfashi. Shi kansa bai taɓa fashin rana ɗaya ba. Mai Kanta ta rantse da tanderun aka haife shi.

Tun da kai ne masanin irinsu, gaya mini ta inda ake shiga.

Jikarka

* * *

Jikalle,

Na sami takardarki, na gode da addu'a. Jiki da sauƙi. Ƙadangaren da ke hawa tagata kullum da hantsi yana gaishe ki. Shi kaɗai ne a gidan nan nake faɗa wa magana ya gyaɗa kai.

Ban ce ki zo ba, kada ki ɗora mini. Amma tun da kin nemi ilimi, ba zan hana ki ba.

Shugaban tasharmu irin mutuminku ne sak, har da gashin baki. Na yi shekaru a ƙarƙashinsa, kuma ba abin da na nema ban samu ba, domin ban taɓa nema ba. Ki riƙe wannan da kyau: kada ki roƙa. Mai iko in aka roƙe shi sai ya tuna yana iya cewa a'a, kuma daɗin faɗinta yake ji. Abin da ake yi, a ajiye masa tunani a kusa da shi, kamar yadda ake ajiye wa mutum ruwa, a yi gaba. In ya waiwayo ya gani sai ya ɗauka shi ya ɗebo.

Lokacin da nake son a sa mana fanka a ofis, ban ce zafi ya dame ni ba. Na riƙa cewa, ina duban bango, wai a babbar tasha shugabansu ko gumi ba ya yi. Ba a jima ba ya kira mu ya sanar da mu cewa ya yi wani tunani.

Saboda haka ki fi kowa sammako. Ki yi aikin da zai sa ya dube ki sau biyu. In ya zauna a bencinsa ya sha shayi, cikinsa ya yi ɗumi, sai ki yi magana da Mai Kanta, ba da shi ba, amma yadda zai ji. Ki ce hutu yana ƙara wa ma'aikaci ƙarfi. Wata rana ki ce tsofaffi ba sa daɗewa, wanda ke da nasa ya je ya gan su tun suna gane shi. Kada ki ambace ni, kada ki ambaci kanki. Ki bar shi ya dahu a hankali, ke kin fi ni sanin wannan.

Da kansa zai kira ki ya ce ya yi wani tunani. In ya faɗa, ki yi mamaki sosai.

Kakanki

* * *

Kaka,

Ina gaisuwa. Ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma ka ajiye shayi, kada ka ƙware.

Na bi maganarka tsaf. Na riga kowa zuwa, na wanke gwangwanaye, na koyi gane zafin tanderu da bayan hannu yadda yake yi. Ran nan har na ƙwanƙwasa burodi na kara a kunne, ya gan ni, bai nuna mini ƙofa ba. Kullum ya zauna shan shayi sai ni da Mai Kanta mu buɗe wasanmu. Ni in ce, “Ai hutu magani ne.” Ita ta ce, “Sosai ma, ko inji ana kashe shi ya huce.” Ni in ce, “Allah sarki tsofaffi, yau suna nan, gobe babu.” Ita har da share ƙwalla da gefen gyale, ta fi ni iyawa.

Shekaranjiya ya ajiye kofi, ya nuna ni da katako, ya nuna gabansa. Na je ina shirya mamakin da ka ce in yi. Sai ya buɗe baki, Kaka, ya yi magana da murya kamar ta kowa. Ya ce, “Na yi wani tunani.”

Na ce, “To, Babba.”

Ya ce, “Mahaifiyata ta tsufa. Na daɗe ban je ba. Hutu kuma magani ne. Zan tafi in yi wata guda.”

Ban buƙaci ƙirƙirar mamaki ba. Ya ce dama abin da ya hana shi tafiya shekara da shekaru rashin wanda zai bar wa wuta ne, yanzu kuwa ya samu. Ya miƙo mini katakon, a gaban kowa. Mai Kanta ta shige ƙarƙashin kantar tana dariya har da tari.

Ya tafi jiya. Watan nasa ya haɗiye makon aikin idonka ɗungurungum. Dabararka ta yi aiki, Angona, sai dai ta kama wanda ba shi aka ɗana wa ba. Yanzu yaya za mu yi?

Jikarka mai katako

* * *

Ranki ya daɗe,

Haka zan riƙa buɗe takarda yanzu, tun da jikata ta hau mulki. Ina gaisuwa, ina mubaya'a. Na karanta wa Tela, ya yi dariya har ya ɗinke aljihun wani bawan Allah ta sama. Ni ma na dara, ƙirji ya biya kuɗin dariyar daga baya.

Ki lura dai, dabarar ba ta da laifi. An ajiye ruwa, mai ƙishi ya sha. Ban san akwai wanda ya fi mu ƙishi a gidan ba.

Maganar zuwa kuma ki cire ta daga ranki. Mutum ya ba ki amanar wutarsa, ba za ki bar ta ki taho kallon tsoho da auduga a ido ba. Aikin ma an ce kafin mutum ya gyara kwanciya an gama. Tela zai kai ni ya dawo da ni. Ba na buƙatar kowa, dama can ban saba a riƙe mini hannu ba. Ki tsaya ki yi aikinki da kyau.

Shawara ɗaya: kada ki zauna a bencin nan. Daga zama ake farawa.

Talakanki,
Kaka

* * *

Jikalle,

Gaisuwa. Motar fulawa ta wuce ban ga Direba ba, wani ne daban a ciki, ya ce bai san da wata takarda ba. Ta sake wucewa, haka. Na ce ko mulki ne ya yi daɗi har an manta da talakawa.

Ba wani abu ne ya sa na rubuto ba. Lafiyata lau. Na dai ce in sanar da ke an ɗaga aikin zuwa farkon wata, wai likitan ya yi tafiya. Kowa tafiya yake yi a bana. Tela ma an kira shi ɗinkin kayan 'yan makaranta a wani gari, ya rufe shago ya bar mini makulli. Ba komai, asibitin ba nisa, in na bi jikin katanga ina ganin hanya da na hagu.

Sun ba ni wata takarda mai bayanin yadda ake yi. Na karanta da madubin ƙara girma, na kai inda aka ce mutum yana farke ake yi, idonsa a buɗe, sai na ninke ta na sa a cikin ƙamus. Rubutun nasu ƙanana ne, shi ya sa.

Idan abin da na rubuta a baya ya ɓata miki rai, ban san wanne ba ne. Idan kuma shawarata ce ta jawo miki wata matsala a wurin aiki, ki faɗa mini. Ƙadangaren ma kwana biyu bai zo ba.

Zan ba sabon direban wannan, ko Allah zai sa ta isa.

Kakanki

* * *

Kaka,

Ina gaishe ka, kuma ina jin haushinka, duka biyun da yawa.

Ba mulki ne ya hana ni rubutu ba. Direbanmu ne ya kwanta zazzaɓi, takardata tana cikin aljihun rigarsa har ya warke. Ya dawo mini da ita duk ta yi laushi, na yaga, domin abin da ke ciki ya tsufa. Ka san abin da na rubuta a cikinta? Na ce to, tun da Tela zai kai ka kuma ba ka buƙatar kowa, hankalina ya kwanta. Na yarda da kai, Kaka! Na karanta layin nan na ɗauke shi yadda ka rubuta shi.

Sai ga Direba ya biya ta wurinka da ya koma aiki, ya zo yana ba ni labari. Wai an share ƙaramin ɗaki an shimfiɗa sabon zanen gado. Wai an wanke kofin nan mai hoton fure da nake shan shayi da shi tun ina yarinya, an kife a kan tebur. Ya tambaye ka baƙo za ka yi, ka ce a'a, motsa jiki kake yi. Sannan ga takardarka ta ƙarshe, mai katanga da ƙadangare.

Mai Tanderu ya dawo, har ya yi ƙiba. Ya zagaya, ya duba wuta, ya ƙwanƙwasa burodina ya saurara, ya ce, “Ba laifi.” Mai Kanta ta ce a rubuta ranar a bango. Bencinsa kuwa ya tarar da shi yadda ya bar shi, sai dai na canja wayar ƙafar da ƙusa.

Ban ajiye masa ruwa ba, ban yi magana da bango ba. Na tsaya a gabansa na ce, “Babba, don Allah ina son hutu. Za a yi wa kakana aikin ido, kuma ba shi da kowa a kusa.”

Ya ce, “Shi ya ce ki zo?”

Na ce, “A'a. Cewa ya yi ba ya buƙatar kowa.”

Sai ya yi wata irin dariya ta hanci. Ya ce shekara nawa mahaifiyarsa tana aiko masa da saƙo cewa lafiyarta lau, kada ya bar aikinsa. Da ya je ya tarar kullum sai ta dafa abincin mutum biyu, wai ko da wani zai biyo. Ya ce, “Ki tafi. Ki zauna har ya fara ganin laifinki da idanunsa biyu, sannan ki dawo.”

Ka ga, hutu yana hannuna, jakata a ɗaure. Kalma biyu na faɗa aka ba ni, waɗanda ka ce kada in kuskura.

Amma ban hau mota ba tukuna. Na koma takardarka ta farko na sake karanta ma'anar da ka ce kai ka ƙara da kanka, ta mutumin da bai taɓa buƙatar ya ce don Allah ba. Na karanta wa Mai Kanta, na tambaye ta wa ta gani. Ta ce ita dai ba ta san kakana ba, amma a shirye take ta cire sunan daga kan Mai Tanderu in an sami wanda ya fi cancanta. Kai ka ce ba a faɗa wa mutum a gabansa, shi ya sa ban faɗa ba.

Ka daina ajiye mini tunani a gefe kana yin gaba, Angona. Na ga yanar ido a ƙasan takarda, na ga Tela ya yi tafiya, na ga katanga. Duk na gani. Yanzu ina son in ga abin da kake so, da hannunka, da manyan baƙaƙen nan naka. Direba zai juyo da fulawa jibi, kujerar gaba babu kowa. In ya kawo mini amsa, a komawarsa ina ciki.

Jikarka, wadda ba ta zauna a benci ba

* * *

Jikalle,

Gaisuwa. Gwiwa lafiya, ƙirji lafiya, ƙadangare ya dawo.

Direba yana tsaye a ƙofa ya ƙi kashe mota, ya ce an umarce shi kada ya motsa sai da takarda. Na ga alamar wata guda da katako a hannu ya ishi mutum ya koyi mulki.

Na ɗauko alƙalami tun ɗazu. Na fara rubuta miki cewa an ce iskar garin nan tana da kyau ga masu aikin wuta, na soke. Na fara cewa kofin nan ya gaji da kifewa, na soke. Kin ga duk shafin ya ɓaci, kuma ba ni da wata takardar.

To.

Ina jin tsoro. Tun ranar da likita ya faɗa nake jin tsoro. Ba na son in kwanta a gadon nan idona a buɗe ba wanda na sani a bakin ƙofa. Don Allah ki zo.

Ga shi nan, na rubuta, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba. Ki gaya wa Mai Kanta ta bar wa mutuminku sunansa, ni na sauka. Ki yi wa Mai Tanderu godiya, ki ce in ya sake zuwa ya gaishe mini da mahaifiyarsa, na san halin da take ciki.

Ki taho da burodi uku, wanda kika ƙwanƙwasa da kanki. In an cire audugar, ke nake so in fara gani, in tabbatar ko har yanzu kin cancanci zama matata ko in nemi wata.

Kakanki